Tarakta Tsakanin Tsamiya Biyu

Babana ɗan kasuwar yadi ne, kuma duk Ƙofar Rini an san hannunsa. Idan yana auna wa mutum yadi, ya kai inda ya kamata ya sa almakashi, sai babban yatsansa ya zame gaba kamar faɗin tafin hannu, sannan ya yanka. Wannan ita ce gyara, ɗan ƙarin da mai saye ke samu a kan abin da ya saya. Sauran 'yan kasuwa sai an roƙa, an yi magiya, suke yi. Shi kuwa ba na jin ma ya san yana yi. Na sha ganinsa yana auna igiyar shanya a tsakar gida, yatsan ya zame abinsa. Inna takan ce da za a ba shi ya auna mata hanyar Makka, da sai ta wuce garin ba ta sani ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, kuɗin man fetur sun fara zubowa, soja ke mulki. Gari ya cika da sababbin babura, kowane zaure da rediyonsa. Mutanen da jiya suke taya yadi ɗaya har gumi ya keto musu, yau sai su nuna bandir da haɓa su ce a naɗe. Ba a daɗe da fita daga farin da aka sha ba, don haka rediyo ba ta da zance sai kowa ya koma gona. Mutane da yawa suka ji suka ci gaba da harkarsu. Baba kuwa ya ɗauka da shi ake, shi kaɗai. Ni a lokacin na gama makarantar horon malamai, ina zaune gida ina jiran a tura ni inda zan koyar. Yayyena maza duk suna karatu a nesa, sai na zama ni ce 'yar rakiyarsa, ko ina so ko ba na so. Kuma ina so.

Muna da gona a bayan Dundaye, gadon kakanmu. Ba wata babba ba ce, in ka tsaya a bakinta ka yi kira, na ƙarshenta zai amsa. Gabanta fili ne na gero da wake. A bayanta akwai wani ɗan lungu mai baƙar ƙasa da ke gangarawa wajen fadama, kuma nan ne albarkar gonar take. Kwazazzabo ya tsare shi ta hagu, shingen garkar maƙwabci da rijiyarsa sun tsare shi ta dama. Hanyar shigarsa ɗaya ce tak, tsakanin wasu manyan tsamiyoyi biyu da suka tsaya kusa da juna kamar ƙofar zaure.

Tsamiyoyin nan ba na Baba ba ne. A wurinmu ƙasa takan zama ta wani, itacen da ke kanta na wani. Lokacin da kakanmu ya rasu, Goggo, yayar Baba, tana aure a wani gari mai nisa. Dattawan da suka zauna rabo suka ce mace mai aure a nesa me za ta yi da ƙasa, aka ba ta itatuwan a matsayin nata rabon, ta karɓa. Daga baya mijinta ya rasu, 'ya'yanta babu wanda ya rayu, ta dawo gidanmu aka ba ta ɗaki kusa da madafa. Duk shekara sai ta tafi ta sa a kaɗo mata tsamiya, ta ɓare, ta cura, ta sayar wa masu kunu. Da abin da ta samu take sayen sabulunta da goronta, har ta yi wa jikokin unguwa ɗan alheri. Ba ta taɓa faɗi ba, amma kowa a gidan ya san itatuwan nan biyu su ne suka sa take cin tuwon gidanmu kanta a ɗage.

Da farko Baba tarakta ta haya ya nema, irin manyan nan da in suna tafe ƙasa ke rawa. Direbanta ya zo ya zagaya gonar, ya leƙa lungun, ya dubi tsamiyoyin sama da ƙasa, ya ce sai an tumɓuke su. Labari ya riga Baba isowa gida. Ranar Goggo ba ta fito shan hantsi ba, goron da Inna ta aika mata ma aka dawo da shi. Na ji haushin direban nan da ban taɓa gani ba har na rasa inda zan sa kaina.

Baba ya cire takalmi a ƙofar ɗakinta ya durƙusa, da furfurarsa da komai, don har ya mutu bai daina yi mata haka ba.

"Adda, mi ya yi zahi?" in ji shi. "Ko ganye guda ba a taɓa miki. Tawa za ni saye, 'yak ƙarama, wadda ka bi tsakaninsu ta wuce."

Daga cikin ɗaki ta ce, "Auta, kak ka yi alkawalin da ba ka iya cikawa."

Ya ce ya yi, kuma Allah shaida. Ita kaɗai ke kiransa Auta a duniya, mu kuwa sai mu ɓoye fuska mu yi dariya.

Ranar awo muka tafi mu uku, ni da Baba da Goggo, a akori-kurar haya, cikin bazara. Har yanzu in na rufe ido nakan ga hanyar nan tana narkewa a gabanmu, kawalwalniya na shimfiɗa ruwan da ba mu taɓa isa gare shi ba. Can gefe hayaƙin kamfanin siminti na Kalambaina ya miƙe fari, ya tsaya a sama bai san inda za shi ba. Gonar tana kwance fayau, karan bara ya zube, awaki na tsintar abin da ya rage. Amma da muka shiga inuwar tsamiyoyin sai ka ce wata ƙasa muka shiga. Iska mai sanyi na fitowa daga fadama ta bi ta tsakaninsu, kurciya na kuka a sama. Na zauna a kan saiwa, barci ya fara ɗaukata, ina jin muryoyinsu kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Baba bai yarda da awon kowa ba sai nasa, kuma bai yarda da abin awo ba sai yadi. Ya warware rawaninsa, ya ba Goggo bakinsa ɗaya ta danne a jikin tsamiyar hagu. Ya ja ɗaya ɓangaren har jikin ta dama, ya miƙar da shi sosai. Da ya kai, yatsansa ya zame gaba kamar kullum, ya kama wurin, ya ƙulla ƙulli. Na gani da idona tsakanin barci da farke. Amma abin da mutum ya tashi yana gani tun yana rarrafe, ba ya ganinsa. Goggo kuwa idonta na sama, tana duba yabanyar shekarar.

Daga ranar rawanin nan ya daina zama rawani. Baba ya naɗe shi ya sa a aljihun gaba, ya hana Inna wankewa, ya sayi wani yake naɗawa.

Akwai wani fili a bakin gari inda wani kamfani ya jera injunan noma a rana, an kewaye shi da waya. Nan muka yi ta zarya. Aikina shi ne in yi Turanci da akawun wurin, wani mutum mai haƙuri da ya zo daga kudu, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Shi yana son ya yi mana bayanin ƙarfin inji da yawan man da yake sha da irin garmar da kowace ke ja. Ni ina fassarawa da zuciya ɗaya, ina jin kaina wata babba. Baba yana cewa to, to, amma hankalinsa na wani wuri. Yadda yake zaɓen yadi haka ya zaɓi tarakta. Ya murza fenti da yatsu biyu ya ga ko zai zuba. Ya shinshina kujera. Ya ja da baya ya karkata kai ya dube ta a rana, ya dawo ya dube ta a inuwa.

Akwai wata babba ja, tayarta ta kai ƙirjinsa. Ita zuciyarsa ke so, kowa ya gani. Ya daɗe yana shafa ta, ya hau ya riƙe sitiyari yana duban nesa, har na fara jin tsoro. Sannan ya sauko ya fito da rawanin, ya ba ni baki ɗaya muka auna faɗinta. Ƙullin ko kusa bai kai ƙarshen taya ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce mata, "Allah bai yi ba," kamar mai sallamar bazawara.

Akwai kuma wata 'yar mitsitsiya mai ƙafa biyu, wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwa kamar garmar shanu. Akawu ya ce wannan ce daidai ƙaramar gona, ko'ina za ta shiga. Baba ya dube ta ya dube ni.

"Hwaɗa mishi ni ba jaki niz zaka saye ba," in ji shi. "In bin abu a baya za ni yi, ai ina da hauya."

Ban fassara duka ba.

Ta ukun tana can ƙarshen layi, shuɗiya, kalar zane da aka tsamo daga marina bai gama bushewa ba. Ƙafa huɗu gare ta da kujera da salansa a tsaye, komai irin na manyan, sai dai kamar 'yarsu. Mutumin Ƙofar Rini ya ga shuɗi, ai magana ta ƙare. Muka ja rawani daga bayan taya zuwa bayan taya, sai ga ƙulli ya wuce da kamar yatsa biyu. Bakin Baba har kunne. Akawu ya ce in gaya masa wurin ya yi matsi, gara a koma a sake aunawa da abin awo na ƙarfe. Na gaya masa. Baba ya naɗe rawaninsa a hankali ya mayar aljihu.

"Ce mishi tun ban da gemu nike awo," in ji shi, "kuma ba a taɓa maido min yadi anka ce ya gaza ba."

Gaskiya ya faɗa, ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Kafin a gama shirya ta a kawo, gidanmu ya koma gidan mafarki. Bayan azahar Baba yakan kishingiɗa a zaure ya lumshe ido, ya yi ta noma da baki. A lungun baya zai sa shinkafa, a'a, alkama, a'a, rake. Zai yi wa shuɗiyar rumfa kada rana ta ci fentinta. Wata rana ma ya ce zai koyi tuƙi da kansa, ya shiga gari a kanta ranar Juma'a. Inna ta ce in ya yi haka ita kam ta koma gidansu. Ni ma abin ya kama ni. Nakan ga kaina zaune a gefen taya, mayafina na tashi, ƙasa na buɗewa a bayanmu baƙa wuluk, belbelu na sauka a kai. Goggo ce kaɗai ba ta shiga mafarkin ba. Takan zauna a ƙofar ɗakinta tana ɓare tsamiyar da ta rage, in an ambaci tarakta sai hannunta ya tsaya kaɗan sannan ya ci gaba.

Aka kawo ta bayan ruwan farko, da safe, ƙasa na ƙamshi. Baba ya ɗauki wani direba ɗan Dundaye, magidanci mai yawan magana. Mutanen ƙauye suka fito kallo, wasu da hauyoyinsu a kafaɗa. Shuɗiyar ta shiga filin gaba tana ɓaɓatu, kuma wallahi duk abin da muka yi mafarki ta yi. Ƙasa ta buɗe, belbelu suka sauka. Abin da 'yan ƙodago ke kwana da kwanaki suna yi, ta gama kafin rana ta take. Baba yana bin ta a gefe, babbar rigarsa a saɓe, yana dariya shi kaɗai.

Sannan direba ya juya ta ya nufi tsamiyoyin. Ƙananan tayoyin gaba suka shige lafiya lau. Hancinta ya shiga inuwa, salansa ta wuce ƙarƙashin reshe. Sai muka ji wani ƙara mara daɗi, na roba a jikin itace. Manyan tayoyin baya sun cije, ɗaya a jikin ta hagu, ɗaya a jikin ta dama. Direba ya ja baya ya sake saiti, ya sake gwadawa. Ya karkata ta nan, ya karkata ta can. Ɓawon tsamiyar dama ya ɗaye, farin jikinta ya bayyana. Na dubi Goggo, na ga ta dafe nata hannun daidai gwiwa kamar ita aka ƙuje.

Direba ya kashe inji ya sauko. Ya ce abin kaɗan ne, bai kai tafin hannu ba. A kawo gatari a sassabe gefen ta daman, ko kuma a huta gaba ɗaya a sare ta, tunda ga 'yar'uwarta nan. Masu kallo suka ce haka ne, wa zai bar ƙasa irin wannan saboda icce. Wani ma har ya juya zai ɗauko gatarin. Kowa ya san tsamiyar da aka yi wa irin wannan sara a gindi, ko ta rayu ba ta ƙara zama daidai.

Goggo ce ta yi magana, muryarta a daidaice, ba ta dubi kowa ba.

"Sare ta, Auta. Ka kashe dukiyakka, ba a barin ta banza saboda tsohuwa. Guda ta ishe ni."

Ban taɓa jin maganar da ta ƙona mini rai kamar wannan ba. Na san ba guda take bayarwa ba. Shekarun da ta yi tana cin abincin gidan ƙaninta ba tare da ta sunkuyar da kai ba, su take miƙawa, a gaban mutanen ƙauye.

Baba ya sa aka ja tarakta baya. Ya fito da rawanin daga aljihu. Ya ce shi dai bai gane ba, awonsa ba ya ƙarya, sai dai in itatuwan ne suka matso. Ya ba Goggo baki ɗaya ta danne a jikin ta hagu kamar wancan karon. Ya ja har jikin ta dama. Wannan karon idon Goggo ba ya sama, yana kan hannunsa. Yadin ya taɓa ɓawo, yatsan ya zame gaba abinsa, ya sauka daidai kan ƙulli.

"Kun gani?" in ji Baba. "Daidai!"

Goggo ta saki nata bakin, ta tako ta kama babban yatsan nasa ta ɗaga shi sama kamar an kama ɓarawon kaza.

"Auta," ta ce, "wa kac ce ya sayi iccen ga, da kay yi mishi gyara?"

Ya dubi yatsan, ya dubi ƙullin, ya dubi tazarar da ke tsakanin ƙullin da ɓawon itace. Faɗin tafin hannu ne cif. Wani dattijo cikin masu kallo, wanda ya sha sayen yadi a rumfarsa, shi ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Goggo ma tana dariya tana share ido da bakin zane. Baba ya zauna a kan saiwa, rawanin a cinyarsa, ya daɗe yana kallon lungun ta tsakanin itatuwan. Ruwan jiya ya sa ƙasarsa ta ƙara baƙi, wani siririn tururi na tashi daga kanta.

Mai gatari ya dawo da gatarinsa. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya mai da shi.

"Ku shaida," in ji shi, da muryar da yake yanke ciniki. "Inda motag ga tat tsaya, nan gonata tat tsaya. Abin da ab bayan iccen ga dut na Adda na."

Goggo ta daina dariya. Ta ce ita ba ta roƙa ba. Ya ce ya sani, shi ma ba a taɓa roƙonsa ba. Sai ta juya ta bi ta tsakanin tsamiyoyinta ita kaɗai, ta shiga lungun, ta tsuguna ta ɗebi ƙasa ta murza a tafinta. Muka bar ta can, babu wanda ya kira ta.

Shuɗiyar ta yi mana shekaru tana aiki. Duk damina in ta zo bakin inuwar sai ta juya, har wurin ya yi wani ɗan kwari na sawun taya. Baba bai koyi tuƙin ba, Inna ba ta koma gidansu ba. Goggo kuwa ta sa kuɓewa da yakuwa da barkono a lungunta, da ɗan gero a gefe, da hauya, da taimakon matan ƙauye da ta yi ƙawance da su. Ranar da aka fara yin miya da kuɓewarta, da kanta ta ɗauki kwanon ta kai wa Baba zaure, ta tsaya a kansa har ya ci ya ce ta yi daɗi.

Ina koyarwa a wani gari aka aiko Goggo ba ta da lafiya. Na iso da kwana ɗaya ta cika, da hantsi. Baba ya tsufa a lokacin, ya bar wa yayyena rumfa, amma ya ce likkafaninta shi zai yanka. Aka kawo farin alawayyo aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Matan da za su yi mata wanka suka faɗa masa tsawon da suke so, na riƙe masa baki ɗaya. Ya auna a hankali, idonsa na zubar da ruwa bai share ba. Da ya kai wurin yanka, yatsan ya zame gaba. A karo na farko a rayuwata na ga ya lura da shi. Ya tsaya yana kallonsa, almakashi a ɗaya hannun. Sai ya ƙara zamar da shi wani tafin, ya ce bismillah, ya yanka.